Damina a Gonar Kwarteng

Bana ban shafa wa bindiga mai ba.
Na naɗe ta a buhun koko,
na tura ta ƙarƙashin gado a Aboabo.
Zuwera ta jera tukwanenta a gabanta,
ba ta ce uffan ba.

Shekara talatin da ɗaya ina bin sawu.
Na san kashin mazo, na san na gada,
na san ganyen da aka ci jiya da wanda aka ci ɗazu.
Kafin assalatu ina Atwemonom,
hayaƙin babbaka yana cin ido,
Maame Dufie ta daddanna cinya, ta taya,
in ce albarka, ta yi tsaki, ta ƙara.
Da haka aka yi rufin ɗaki biyu,
da haka Inusa ya gama makaranta.

Sai daren nan na bara, a dajin bayan Nkawie.
Fitilar goshi ta kamo abu ja yana motsi a duhuwa,
a sunkuye, daidai tsayin mazo.
Na yi bismilla. Yatsana na kan kunama.
Sai abin ya yi tari.

Yaro ne. Jar riga, tsohon bokiti,
yana tsintar katantanwa, batirin tocilansa ya mutu.
Ya kare ido da hannu, ya gaishe ni,
ya tambaye ni hanyar gida.
Na raka shi har bakin titi.
Bai san komai ba, har yau bai sani ba.
Ni ne na kwana uku abinci bai wuce wuyana ba.

To ga ni a gonar Kwarteng, tsohon abokin dawa,
wanda gwiwa ta ajiye tun kafin ni.
Ya ba ni bukka, ya ba ni adda, ya ce gwada wannan.
Hannun da bai taɓa rawa a kan bindiga ba
ya yi kanta a kwana biyu.
Yara suna dariyar yadda nake fasa koko,
wai kamar mai jin tsoron kada ya yi kuka.

Na koyi barcin dare, abin da na manta tun ina saurayi.
Na koyi cewa rana ma tana da sautinta:
ruwa a kan ganyen ayaba,
taɓarya daga ƙauye idan la'asar ta yi sanyi,
ƙwayar koko a kan shanya, ana motsa ta da tafin hannu,
tana wari mai tsami kamar tsohon kunu.
Ina salla a kan buhu, alƙibla wajen wata kwakwa mai karkata.
Ran Juma'a in hau mota zuwa Kumasi,
a bakin masallaci a tambaye ni ina nama,
in ba su gwaza.

Shekaranjiya da magariba ta shigo gona.
Mazanya ce, da farin zane a haƙarƙari,
tana cin ganyen gwazar da na dasa da hannuna.
Iska na wajena. Taki ashirin, bai fi ba.
Ba zan yi ƙarya ba, yatsana ya lanƙwashe da kansa,
ya ja kunamar da ba ta nan.
Ta ɗaga kai, kunnuwanta suka juya,
ta ci gaba da tauna.

A duk shekarun nan ban taɓa ganin yadda suke gama cin abinci ba.
Ashe lasar hanci suke yi.

Da safe Kwarteng ya ƙirga ɓarna, kunya huɗu.
Ya dube ni, ya dubi sawun.
Na ce a cire a ladana.