Mai Ruwa Ya Bushe

Shekara tara ina tura kura a lungunan Birni,
bido goma, kowane da murfinsa na leda.
Na san gidan da ke biya a take
da gidan da ke cewa sai an yi albashi.
Ban taɓa zaton ruwa zai ci amanata ba.

Ran Talata pampon Garin Malam ya yi shiru.
Tun asuba muke layi har rana ta take,
ƙishi ya shaƙe ni a gindin dutse.
Na tsugunna bakin tafki, na kore gansakuka da bayan hannu,
na sha tafi uku.
Uku kacal.

Daren Alhamis cikina ya kama wanki,
yana murɗa hanjina yadda Barira ke matse zane.
Buta ta fi ni sanin hanyar makewayi.
In je, in yi nishi, in dawo,
kafin haƙarƙarina ya taɓa tabarma an sake kirana.
Na ƙirga sha ɗaya, na bar ƙirga.
Abin da ke fita bai cika cokali ba,
majina ce da zaren jini,
ga zazzaɓi ya zaune ni kamar mai bin bashi.

Da safe Nomau mai tiren magani ya leƙo:
"Ja biyu, rawaya ɗaya, yanzu zai tsaya cak."
Barira ta tare bakin zaure.
"Ba a kulle ɗaki da ɓarawo a ciki.
Atini ne, har da jini. Likita za mu."

Kowane rami kabu-kabu ya faɗa
sai na ji shi a cibiyata.

Malama Rakiya ta tsunkuli fatar cikina,
fatar ta tsaya, ta ƙi komawa.
Ta ce, "Mai ruwa, ai ka bushe."
Ta miƙo ɗan gwangwanin awo, kunya ta rufe ni,
ita ko a jikinta.
"Ƙwayoyin nan ka shanye su duka,
ko da ka ji garau tun jibi.
Wannan ƙunshin a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa,
kurɓi kaɗan-kaɗan, kada ka gaji."

Gishiri-gishiri, zaƙi-zaƙi.
Ni da ke juye bido a randa cikin numfashi ɗaya
sai ga ni ana auna mini da cokali.
Kunun shinkafa, ayaba rabi.
Yaji ya yi hijira daga kwanona.
Sabulu ya tare kusa da buta,
Barira na tsaye sai ta ga kumfa har wuyan hannu.

Kwana na huɗu cikin ya lafa, sai wani abu ya murɗa a ƙirji:
hannun nan ya taɓa bakin bido goma,
kuma gidan Hajiya Tamadi akwai tagwaye masu rarrafe.
Na aiki Barira, na kasa kwanciya.
Ta dawo tana gyara mayafi:
"Lafiyarsu lau. Randa ce ta ƙafe,
suna tambayar yaushe za ka fito."

Yau na jera bidona a rana,
na dirje su da ruwan jabel har hancina ya yi zafi.
Wandona ya yi mini yawa, na ƙara ƙulli a mazagi.
Na rataya gorata a hannun kura, ruwan da Barira ta tafasa.
Da na zo wucewa ta tafkin
wani yaro ya duƙa a daidai inda na duƙa.
Na tsayar da kura, na kira shi.