Buhu Ɗari Uku da Ashirin

Tun asuba nake ɗinke bakin buhu a Galmi,
basilla a hannu, igiya a haƙori.
Ɗari uku da ashirin, in ji Alhaji Nomau,
mota guda, kayan mutum guda,
ko tsinken wani ba zai hau ba.

Tankari na zagaya tayoyi da guntun ƙarfe,
yana ƙwanƙwasa, yana kasa kunne
kamar mai sayen tulu.
Takardun duwan na ƙarƙashin kujera,
sun fi shi nauyin baki a hanya.

La'asar sakaliya aka ja tamfol.
Ni ban taɓa wuce Dogon Dutsi ba,
amma ɗinkina ya ga Abijan sau tara.

Kwana shida, sai ga waya:
suna bakin iyaka, layi ya wuce ganin ido,
saura hatimi ɗaya,
mai bugawa ya tafi suna.
Albasa ba ta san hatimi ba.
Ta ji ɗumi, ta sha raɓar kudu,
ta fara tsiro cikin duhu
tana zaton gona aka mai da ta.

Alhaji ya bar tuwo, lissafi yake ci.

Ran da motar ta dawo ɗauke da katako
Tankari ya miƙo mini gora: ruwan teku.
Na kurɓa, na tofar.
Na ce, nawa suka lalace?
Ya ce, albasa ta ruɓe buhu arba'in,
ɗinki kuwa ko ɗaya bai saki ba.

Na juya baya kada ya ga haƙorana,
na zura igiya a basilla.