Hannu a Iska

Jirgi ya sauke ni a Rigasa da la'asar.
Ladidi ta saki ɗanta, ya sheƙo da gudu,
na ɗaga hannu zan shafa kansa
sai hannun ya tsaya a iska.

Wata shida na yi a Lawos, koyon noman shinkafa.
Can ba a taɓa kan mutum, ko na jariri.
Ƙafa a lanƙwashe ta, kar tafinta ya kalli kowa.
Na tuɓe takalmi a ƙofofi har na daina ƙirga.
Ran da mai kwalekwale ya ninka mini kuɗi
na saki muryar tashar Kawo.
Duk suka sunkuyar da kai,
kunyata su suka ji mini ita.
Fasfo kullum a aljihu.
Da asuba masu mayafi ruwan goro na wucewa,
nakan ja baya, kyamara a jaka.
Su ma, in na shimfiɗa darduma,
ba mai gittawa.

"Yaya, lafiya?" in ji Ladidi.
"Albarka yake jira."

Na sauke tafina a hankali
bisa sabon askinsa mai ɗumi.