Ɗan Haya

Likita ya kara hoton bayana da hasken taga,
ya bi ƙasusuwan da bakin biro kamar mai ƙirga buhunan gyaɗa,
ɗaya, biyu, uku, sai ya tsaya.
"Malam Tanimu, nan ne. Sun cinye juna.
Sai dai zuciyarka ba za ta ɗauki allurar barci ba.
In na kwantar da kai, ban san mai tashe ka ba."
Na ce to, madalla.
Na naɗe hoton, na soke shi a hammata,
muka fito asibitin Garwa da rana tsaka,
ni da ɗan hayana.

Shekara ashirin da shida ina jan auduga
daga Gidar zuwa Ngawundare,
kujera ba soso, sai buhu biyu da na ninka.
Kowane rami a hawan Mbe ya rubuta mini bashi,
yau sun haɗu sun turo wakili.

Ba ya biyan ko dala.
Ɗakinsa a ƙugu yake,
amma ya fasa taga ta cinyar hagu,
wani daren har babban yatsa yake sauka shan iska.
Na kai shi wurin wanzami, aka kafa masa ƙaho bakwai,
ya yi tafiyar kwana biyu ya dawo da tsaraba.
Wani yaro a tasha ya buɗe mini tafin hannu,
ƙwayoyi kore biyu: "Baba, wannan ko jaki ta tayar."
Na tuna Mato, yaron motata,
da ta tayar da shi har bai sake sauka ba.
Na rufe masa hannun da nawa.

Sai muka zauna sulhu.

Da asuba ba na zabura.
Nakan mirgina ta dama, in tara gwiwa,
in yi masa sallama tukuna.
Tabawa ta gasa bulo a bakin murhu,
ta naɗe shi a tsohon zanenta mai ɗawisu,
ta ɗora inda na nuna, ta ce, "Nan?" in ce, "Ƙasa kaɗan."
Shekara talatin da aure,
sai bana ta san taswirar bayana.
Ƙwayar likita ɗaya ce, bayan koko,
ko ya yi kuka, ko ya yi birgima, ɗaya ce.

Ranar da na fara kai kujera masallaci
na zauna can ƙarshen sahu, kusa da takalma,
goshina yana kewar ƙasa.
Na yi kuka, ban ɓoye ba.
Bappa Sali ya ce iska ce ta shigar mini ido,
na bar shi a kan haka.

Bishiyar darbejiya goma sha ɗaya ce
tsakanin ƙofata da gangaren Binuwai.
Ran da ya yi sanyi, duka nake gaisarwa.
Ran da ya tashi da faɗa, ta huɗu ce iyakata,
in jingina da ita, in kalli masu babur suna wucewa,
in koma gida ba tare da na ba kowa haƙuri ba.

Da rani, in ruwa ya ja baya,
nakan shiga har ƙirji inda mata ke wanki.
Can nesa dorina ta fito da hanci, ta yi atishawa.
Dubi uwar nauyi, ta miƙa wa kogi kayanta!
Nima sai in miƙa.
Minti goma, ko sha biyar,
ɗan haya ya yi shiru kamar an aike shi.

Jiya Hansatu, jikata, ta ce, "Kaka, yaushe zai tashi?"
Na ce, kayansa sun yi yawa, ba mota.
Ta ce, "Ba kai direba ne ba?"
Na yi dariya har ya farka.
Miƙo mini sandar can, yarinya,
mu je mu ga ko yau ta biyar za ta samu gaisuwa.