Mai Janareta

Ni ne mai janareta.
Tun la'asar na ja waya daga zaure,
na bi da ita gindin katanga kada wani babba ya yi tuntuɓe,
na jera kujerun roba ɗari da arba'in
a farfajiyar tsohon gidan sarautar nan na Zariya,
inda a da sai an tuɓe takalmi ake takawa.

Bayan isha'i suka fito, baƙaƙen kaya, fararen takardu.
Wani ya rungumo goge mai tsayin mutum
kamar zai kai majinyaci asibiti.
Malam Bitrus ya ɗaga ɗan tsinke,
mutum ashirin suka ja numfashi ɗaya.

Ba kirari. Ba a ambaci kakan kowa ba.
Ba wanda ya tashi ya liƙa kuɗi a goshi.
Da suka ɗan tsagaita na tafa, ni kaɗai.
Wata Hajiya mai tabarau ta waiwayo
kamar na yi dariya ana huɗuba.
Ashe ba a gama ba.
Ashe shirun ma a rubuce yake.

Ubana Jatau ma goge ya yi:
ƙoƙo, fatar guza, izgar doki, ƙaro a aljihu.
Shekara talatin yana kiɗa a Tudun Wada,
ƙafarsa ba ta taɓa tsallake dokin ƙofar nan ba.
A makaranta in an tambayi sana'ar uba
sai in ce noma.
Ranar sadakar uku kawuna ya cusa gogen a murhu.
Tsirkiyar ta yi ƙara sau ɗaya.

Ina can cikin wannan, mai ya ƙare.
Laifina ne, ban leƙa tanki ba.
Lasifika ta haɗiye harshenta,
duhu ya kwashe takardun gabansu,
aka shiga laluben wayoyi.

Yarinyar can ta gefe, Kasham na ji an kira ta,
ita ba ta tsaya ba.
Ta san hanyar da ka, kamar mai zuwa rijiya da asuba.
Sautin ya fito siriri, ba riga,
ya je ya jingina da bangon ƙasa
daidai inda zanen dagi ya tsattsage.
Bangon ya ɗan riƙe shi,
ya ɗumama shi da ranar da ya wuni yana sha,
ya maido mana.
Jemagu suka saki rimi.
Sauran makaɗan suka bi ta ɗaya-ɗaya,
har mai babban gogen ya shigo yana gurnani.

Ina tsugune, jarka a hannu, mazurari a bakin tanki,
na ji ta lanƙwasa wata gaɓa,
ta ja ta ƙasa, ta ƙi saki,
ta ƙi saki.
A irin wannan wuri Jatau kan rufe ido
ya karkata kai kamar ana masa raɗa.

Ban zuba man ba.

Dogari ya haske ni da tocila: kai, me kake jira?
Na ce inji ya ɗau zafi, sai ya huce.
Ƙarya ta biyu ke nan da na yi saboda goge.

Da aka gama sai da na ga Hajiya ta tafa.
Hannuna duk warin fetur.
Na goge a riga, na tafa,
na ja igiya, wuta ta dawo.