Gidan Gurza

A gabashin Tawa, bayan kasuwar dabbobi,
akwai gini mai rufin kwano da tsatsa ta ci wa baki.
Mu tsofaffi Gidan Gurza muke ce masa.
Yara kuwa Gidan Albarushi suka sani,
suna ɗaga ƙafa in sun zo wucewa.

Shekara goma sha tara ina shayar da inji mai.
Jiniya ke ta da mu kafin ladan ya gyara murya,
kamiyo na juye kaɗa tuli-tuli
kamar an sauke gajimare a tsakar gida.
Kaɗa ta ba mu furfura tun muna samari:
Arzika ya koma gida da yamma,
uwar da ta haife shi ta ce masa, sannu tsoho.
Wannan yatsan da ba ku gani a hannuna
inji na uku ya karɓe shi wata Laraba.
An biya ni jika bakwai. Na sayi akuya.

Sai wata shekara aka ce a huta wata uku.
Kwaɗo ya tsufa a ƙofa.
Jemagu suka kama aiki,
su kwanan dare, su ba albashi.

Yanzu waya mai ƙaya ce inda muke shanya riguna.
Motoci na shiga da dare, fitilu a kashe.
Jikana Abarshi na ciki, igiya biyu a hannun riga.
Na tambaye shi babban sikelin nan.
Ya ce yana nan, akwatuna ke kwana a kansa.
Na ce ku sani, allurarsa na cin kilo biyu,
manoma sun sha kuka da ita.
Ya yi dariya, ya ce su ba sa awo,
ƙirge suke yi, ɗaya bayan ɗaya.

Ya taɓa nuna mini harsashi a tafin hannu.
Ban taɓa ba.
Mu abin da ya zube mana a gidan nan tsirowa yake.
Bana ma, da ruwa ya zauna,
gindin hasumiyar mai gadi,
jikanyar wata angurya da ta tsere daga buhu
ta fito, har ta yi fure rawaya.

Kaftin ya ba da oda a nome ta,
wai tana tare gani.
Na ce to.
Na ce, in ka tuge, kada ka kaɗe ƙasar saiwar.
Akwai tsohon gwangwani a bayan ɗakina.