Wa Ya Ɗauki Iri?

Na buɗe littafin bashin shago ta baya,
inda shafuka suka rage farare,
na rubuta: Bayan shekara ɗari biyu,
ƙasa ta gaji, rijiyoyi sun ƙafe,
mutum ɗari uku da sha ɗaya suka hau kumbo
daga filin bayan madatsar Dadin Kowa.

Na sa likita, na sa injiniya biyu,
na sa wata Talatuwa mai karatun taurari,
na ba ta tabon ƙuna a wuyan hannu
don mai karatu ya riƙe ta.
Duniyar da za su, na rataya mata rana biyu,
ɗaya ja, ɗaya fara,
ƙasarta toka-toka mai ɗanɗanon kanwa,
yini guda awa arba'in.
Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Goggo Dudu na gefe tana ɓarar gyaɗa.
Na karanta mata, har da ƙarar tashin kumbo.
Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wa ya ɗauki iri?"

Na ce akwai na'ura mai yin abinci.
Ta ce, "Injin niƙan Gidado ma na'ura ne,
yau kwana tara muna daka."

Na soke injiniya ɗaya, na sa manomi.
Ta ce, "Ban da masara, 'yar gata ce,
ba taki sai ta kwanta.
Gero za su ɗauka, shi ya san wuya.
A cuɗe shi da toka, a toshe bakin gora.
A haɗa da 'ya'yan kuka, ko ba su ci miyarta ba
jikokinsu sa ci."

Daga nan labarin ya fi ƙarfina.
Ina gabas, in rana biyu ce?
Wa zai kai azumin awa arba'in?
Wanda ya fara rasuwa a can,
ina za a juya fuskarsa,
alhali ɗakin Allah ɗigo ne a sama
da ke sauya wuri kowane dare?
Na bar shafi biyu ba rubutu.
Na ce sai na tambayi liman ranar Juma'a.

"Ungozoma fa?" Na sa.
"Sa mutum biyu da ba sa ga-maciji,
garin da ba faɗa bai zaunu ba tukuna.
Kuma da suka sauka, ba kowa a wurin?"
Na ce ba kowa, Goggo, fili ne fetal.
Ta yi dariya, ɓawo na zuba daga zaninta.
"Haka kowane baƙo ke faɗa."

Na ce ina kika san duk wannan?

Ta nuna wajen ruwa da haɓa.
"Garinmu na ƙarƙashin can.
Shekarar da aka tare kogi
a bayan tifa aka kwashe mu,
aka sauke mu kan tsakuwa, aka ce ga gida.
Ubanka na goye, gora na hammata.
Damina ta fari ba mu san ƙasar ba, ita ma ba ta san mu ba.
Mun binne bakwai.
Ta biyu gero ya yi kai,
ranar na daina cewa gobe za mu koma."

Wuta ta ɗauke. Na kunna fitilar waya.
Na koma shafin farko na ja layi
a kan kumbo, da hayaƙi, da ƙirgen tashi.
Na rubuta: Wata tsohuwa ta ƙi shiga
sai an bar ta da gorarta.
Jami'in ya ce nauyin ya wuce ƙa'ida.
Ta cire takalmanta ta miƙa masa.

Ban san yadda zai ƙare ba.
Goggo ta ce in bar wannan,
in zo in riƙe mata bakin buhu.